Katanga da Igiya ta Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, tana tafe da ƙafa huɗu.

Ta zo mu ji ta, Iya, mu ga inda za ta tsaya.

To, ku matso. Wanda ya yi surutu, shi zai ɗebo ruwa gobe.

A wani gari da ake ce wa Tudun Ƙirya babu rijiya. Mata sai sun yi tafiyar rabin yini kafin su cika tulu. Sai mai gari Bagudu ya aika aka kira wani mahaƙin rijiya, sunansa Nomau. Nomau ya zo da daginsa da matarsa Yalwa. Shi yana haƙa a ƙasa, ita tana janye ƙasa da guga a sama.

Ya yi wata uku yana haƙa. Da ya kai gaba ashirin, sai ya tarar da wani dutse mai faɗi. Ya kara kunne, ya ji ruwa yana motsi a ƙarƙashi. Ranar nan da hantsi ya sa dagi ya ɓanɓare gefen dutsen. Dutse ya ɗaga, ruwa ya ɓullo. Sai dutse ya juya ya kwanta a kan ƙafarsa ta hagu.

Ya ja, ƙafa ta ƙi fita. Ruwa kuwa bai tsaya ba.

Yalwa ta rafka ihu, gari ya taru. Aka bincika gida-gida. Igiyar da za ta kai gindin rijiya har ta yi saura, guda uku ce kawai a garin. Ta rama ce, kowacce sili uku. Aka gitta gungumen ƙirya a bakin rijiya, aka zura igiya ta farko a kansa. Nomau ya ɗaure dutse tam. Maza ashirin suka ja. Dutse ko gezau.

Mai gari ya ce, "Wannan aikin doki ne."

Ku ji yadda mutanen garin nan suke. Ba su san doki da ja ba, da hawa suka san shi. Kuma a al'adarsu doki ba ya ɗaga ƙafa sai an yi masa kirari. Mai kirarin kuwa Hankaka ne. A zamanin nan muryarsa kamar sarewa take. Duk dokin da ya zabura saboda kirarinsa, sai a auna wa Hankaka mudun dawa. Da wannan yake ci, da wannan yake taƙama.

Aka kawo doki na farko, Ɗan Azbin. Siriri ne, ƙafafunsa kamar karan dawa, idonsa kamar garwashi.

Yalwa ta ce, "Doki, daga ina kake?"

Ya ce, "Daga arewa, inda babu komai sai rairayi. Uwata ta haife ni tana gudu. Ina yini biyu ban sha ruwa ba. Barewa ma sai ta roƙe ni in jira ta."

Ta ce, "Ka taɓa jan kaya?"

Ya ce, "Abin da ya iya gudu, ja zai gagare shi?"

Aka ɗaura masa igiya a wuya. Hankaka ya hau kan turke, ya gyara farar rigarsa, ya buɗe baki.

"Iska ɗan iska! Kibiya ba ki jiran baka! Na arewa, wa ya ga bayanka?"

Ɗan Azbin ya zabura kamar an ɗana masa wuta. Igiya ta miƙe gaba ɗaya. Tas! Ta tsinke. Doki ya wuce da guntun igiya a wuya, sai da aka bi shi har bakin daji.

Hankaka ya ce, "Ranka ya daɗe, ya zabura ko bai zabura ba?"

Mai gari ya ce, "Ya zabura."

"To, a auna."

Aka auna masa. Sai murya ta fito daga cikin rijiya:

"Yalwa, Yalwa, kina nan?
Ruwa ya kai ƙugu."

Yalwa ta leƙa ta amsa:

"Ina nan, maigida, ka daure,
Igiya biyu ta rage."

Aka zura ta biyu. Nomau ya lalubi dutse ya ɗaure.

Aka kawo doki na biyu, Ɗan Barno. Ingarma ne dogo, hancinsa a tanƙware, wuyansa kamar na raƙumi. Sai mutum ya taka turmi kafin ya hau shi.

Yalwa ta ce, "Doki, daga ina kake?"

Ya ce, "Daga gabas, bakin babban tafki. Kakannina mayaƙa suka ɗauka, da su da makamansu. Ba a taɓa ɗora mini nauyi na durƙusa ba."

Ta ce, "Ɗauka daban, ja daban. Ka taɓa ja?"

Ya ce, "Uwar gida, dubi tsawona, sannan ki sake tambaya."

Yalwa ta juya wajen mai gari. "Ranka ya daɗe, a bar kirarin nan. Shi ya tsinka ta farko."

Hankaka ya yi tsalle. "Kun ji ta? Baƙuwa ta zo jiya, yau tana gyara mana al'ada! Doki ba kirari ai jaki ne."

Mutane suka ce, "Gaskiya ne. Haka muka tarar."

Mai gari ya dubi taro, ya dubi Yalwa. Mutum ne da ba ya son a ce ya saɓa wa mutane. Ya ce, "A yi, amma a hankali."

Hankaka bai san a hankali ba.

"Giwa mai karya itace! Na gabas, dutse ya ji sunanka ya yi zawo! Tashi, ƙasa ta yi maka kaɗan!"

Ɗan Barno ya yi haniniya, ya tashi tsaye a kan ƙafafun baya. Igiya ta shaƙe masa wuya. Ya ji zafi, ya fizga. Dutse ya ɗaga kamar yatsa biyu. Tas! Igiya ta tsinke. Dutse ya koma kan ƙafar Nomau. Kowa ya ji ƙararsa daga ƙasa.

Hankaka ya ce, "Ranka ya daɗe, ai har da tsayuwa ya yi. A auna."

Aka auna masa, ba wanda ya dube shi. Can sai murya ta fito, ƙasa-ƙasa:

"Yalwa, Yalwa, kina nan?
Ruwa ya kai ƙirji."

Yalwa ta amsa:

"Ina nan, maigida, ka daure,
Igiya ɗaya ta rage."

Mai gari ya ce, "Dawakinmu sun ƙare."

Yalwa ta ce, "Akwai goɗiya a bayan gari, wajen magina. Kullum ina ganinta tana jan azara."

Taro ya fashe da dariya, ko da yake ba ranar dariya ba ce.

Hankaka ya ce, "Katanga? Wadda wani falke ya yar saboda ta hana ayari tafiya? Mai cin harawar doki uku? Ai ita saniya ce aka manta ba a sa mata ƙaho ba."

Yalwa ta ruga da kanta ta zo da ita.

Yara, Katanga ba ta da kyan gani. Faɗinta ya kusa kai tsawonta, shi ya sa magina suka sa mata wannan suna. Ƙirjinta kamar ƙofar zaure. Kofatonta kamar faifai, gashi ya sauko ya rufe shi. Tana tafiya tana saukar da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga ƙasa.

Yalwa ta ce, "Goɗiya, daga ina kike?"

Ta ce, "Daga nesa, bayan babban ruwa. Ƙasarmu sanyi ne da taɓo. Sanyi ya ba mu gashin ƙafa. Taɓo ya faɗaɗa mana kofato. Ƙasar noma mai nauyi ta buɗe mana ƙirji. A can ba a tambayar doki gudunsa. Ana tambaya, in ya soma ja, yana fasawa?"

"Za ki iya ɗaga dutsen nan?"

"Ban gan shi ba, ba zan ce ba. Amma ina roƙon abu uku. Kada a ɗaura mini a wuya, a ɗaura a ƙirji, a sa abu mai taushi a tsakani. Kada a taɓa ni da bulala. Kada kowa ya yi magana sai ke."

Yalwa ta cire mayafinta, ta naɗe shi kamar gammo, ta shimfiɗa a ƙirjin goɗiya. Aka zura igiya ta uku. Nomau ya ja numfashi, ya nutsa kansa cikin ruwa, ya ɗaure dutse da lalube. Ya ɗago, ya sake nutsawa, ya ƙara ƙulli.

Yalwa ta tattaro igiyoyin nan biyu da suka tsinke, ta ƙulla su wuri ɗaya. Ta ce wa maza, "Wannan ba za ta ɗaga dutse ba, amma za ta ɗaga mutum. Ku zura masa, ku riƙe. In na ɗaga hannu, ku ja."

Mai gari ya ce, "Hankaka, yau ka yi shiru."

Hankaka ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Amma ya yi tunani: in doki ya yi aiki ba kirari, gobe wa zai auna mini dawa?

Murya ta fito, da ƙyar ake jinta:

"Yalwa, Yalwa...
Ruwa ya kai haɓa."

Yalwa ta ɗora hannu a wuyan goɗiya ta ce, "Bismillah, 'yar uwa. A hankali."

Katanga ba ta zabura ba. Ta tako har igiya ta miƙe, ta tsaya. Ta sunkuyar da kai. Ta kafa kofato. Sannan ta jingina ƙirjinta a kan igiya, kamar mai tura ƙyaure mai nauyi.

Taku ɗaya. Gungume ya yi ƙara.

Taku biyu. Igiya ta soma kuka.

Taku uku. Tsit! Sili ɗaya ya tsinke, saura biyu.

Mata suka rufe baki da hannu. Katanga ta tsaya cak, ba gaba ba baya. Daga ƙasa Nomau ya yi ihu, "Ƙafa ta fita!"

Yalwa ta ɗaga hannu, maza suka soma jan mutum. Amma dutse yana rataye a kan sili biyu. In goɗiya ta fizga gaba, igiya ta tsinke. In ta ja baya, dutse ya faɗa wa Nomau. Gaba ashirin ba kusa ba ne. Sai ta tsaya har a fito da shi.

Nan ne Hankaka ya tashi fir, ya sauka a bayanta.

"Katanga, uwar dawaki! Zabura duniya ta gan ki! Yau ranarki ce!"

Ko kunne ba ta kaɗa ba.

Ya ga kirari bai ci ba, sai ya juya zagi. "Mai ƙafar faifai! Jakar magina! Yasasshiyar falke! Ɗan Azbin yana can yana yi miki dariya!"

Gumi yana zuba daga ƙirjinta. Ƙafafunta suna rawa. Ba ta motsa ba.

Yalwa tana son ta kore shi, amma tana tsoron ta kai masa duka goɗiya ta firgita. Ta dai matso bakin kunnenta tana cewa, "Saura kaɗan. Saura kaɗan."

Hankaka ya ga zagi bai ci ba, sai ya sa baki ya sare ta a gindin kunne. Ya sara, ya ƙara, har jini ya gangaro. Yana sara yana ihu, "Zabura! Zabura! Zabura!"

Katanga ta rufe ido. Ta ce a hankali, "Uwar gida, ya fito?"

"Ga kansa."

"In kafaɗa ta fito, ki faɗa mini."

Hankaka ya tattara duk ƙarfinsa ya ƙwala ihu na ƙarshe. Sai wani abu ya tsage a maƙogwaronsa. Ya buɗe baki, babu sarewa. Sai "Ƙaa! Ƙaa!"

Maza suka kamo Nomau ta hammata, suka kwantar da shi a ƙasa. Ƙafa ta karye, amma yana numfashi.

Yalwa ta ce, "Ya fito duka."

Sai Katanga ta sake sunkuyar da kai. Ta ci gaba da takunta, ɗaya bayan ɗaya, a kan sili biyun nan, har dutse ya iso bakin rijiya aka mirgine shi gefe. Sannan ta saki numfashi. Da aka ɗaga mayafi, igiya ta bar mata shaida a ƙirji.

Mai gari ya zo ya tsaya a gabanta. Ya buɗe baki zai yi mata kirari, sai ya tuna, ya rufe. Ya ce, "A ba ta ruwan farko."

Ita ta fara shan ruwan rijiyar Tudun Ƙirya. Ta sha guga bakwai, ba wanda ya ce ta cika ci.

Hankaka ya matso wajen mudu. Mai gari ya ce, "Ta zabura?"

Hankaka ya ce, "Ƙaa."

"To, ba a aunawa."

Tun daga ranar nan hankaka ya rasa muryarsa, yake bin juji yana neman abin da zai ci. Tun daga ranar nan kuma aka raba dawaki gida biyu, na hawa da na ja. Na hawa ana yi masa kirari. Na ja kuwa, ku lura in kun ga mai amalanke da ya san aikinsa: a ƙirji yake ɗaura masa, ba a wuya ba, kuma magana ƙasa-ƙasa yake yi masa.

Abin da za ku riƙe shi ne wannan. Kafin ka ba wani igiyarka ta ƙarshe, ka tambayi aikin da ƙasarsu ta koya masa. Wanda yabo yake tayarwa, zagi ma zai tayar da shi, kuma irinsa ba a ba shi riƙon ran mutum.

Ƙurunƙus kan ɓera! Ba don igiyata ta ƙare ba, da na ci gaba da tufka muku ita. Ƙaryata ce, amma ku dubi ƙirjin dokin ja, ku gani ko babu shaida.