Kuɗin Kallon Babur

An ce wai a wata kasuwa ta bakin kogi an yi wani dilan babura, Alhaji Tsalha, wanda ba ya duban kayansa in zai yanka kuɗi, idon mai saye yake duba. In ya ga so a ciki, sai ya ɗora a kan farashi. Wannan zalunci ne, ba ciniki ba.

Akwai wani mai lambu, Haladu, da tumatirinsa ke ruɓewa a hanya saboda nisan gari. Shekara guda, duk ranar kasuwa sai ya tsaya gaban wani shuɗin babur a shagon, ledarsa ma ba a ɓare ba. Yakan daɗe yana kallonsa har hayaniya ta ɗauke masa, ya ga kansa bisa hanyar fadama da sassafe, raɓa na sheƙi, kwanduna biyu a baya, iska na cika masa riga, ya wuce tsallaken kogi inda bai taɓa zuwa ba. Sai an taɓa kafaɗarsa yake dawowa.

Alhaji ya sha ce masa, "Ranar da ka shirya, yadda kowa ya saya haka za ka saya, har da ragi."

Da ranar ta zo, Haladu ya sayar da amfanin rani duka, ya zo ya taya.

"Albarka," in ji Alhaji.

Haladu ya ƙara. "Albarka." Ya kai kuɗin da kowa ke biya, aka ce sai ya ɗora dubu hamsin.

"Haba Alhaji! Ina ragin? Ko wannan da ƙafa uku ya zo, ba kamar irinsa da ka sallama jiya ba?"

"Kai daban ne, mai tumatir."

Haladu ya kai ƙara gun Sarkin Kasuwa, dattijo mai jinkirin magana. Sarki ya zo shagon, mutane suka taru, ya tambayi dalilin ƙarin.

Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara guda mutumin nan yana morar babur ɗina. Ya shafa tanki, ya hau sirdi, ya danna oda, ya murɗa hannu. Da idonsa kaɗai ya cinye rabin sabuntarsa. Ai sai ya biya."

"Ka tabbata ya ci sabuntarsa?"

"Na rantse, ranka ya daɗe. Ga shaidu."

Sarki ya zagaya babur ɗin, sannan ya ce, "Na gaskata ka, Alhaji, ba a ƙaryata babban mutum a bainar jama'a. Abin da aka mora shekara guda, aka cinye rabin sabuntarsa, ba sabo ba ne, na hannu ne. A kasuwar nan kuwa ba a sayar da na hannu a kuɗin sabo."

Alhaji ya zabura. "Wallahi sabo ne dal!"

"To, wace rantsuwar za mu ɗauka? Ta farko muka ji, ita ka kawo wa shaidu."

Wanda ya mai da son ɗan'uwansa abin riba, harshensa ne zai karya masa farashi. Aka kira masu sayar da na hannu suka yi wa babur ɗin kuɗi, Haladu ya biya ya tura abinsa. Alhaji Tsalha ya tafka asarar sulusin kuɗin babur, aka kuma rufe shagonsa kasuwa uku saboda rantsuwar ƙarya.