Laƙabin da Injiniya Ya Bari a Kan Saba

Akwai wani matashi a Turawa ta ƙasar Ƙaraye, sunansa Falalu. Ya yi difloma a fannin kwamfuta, ya dawo gida ya zama sakataren wata ƙungiyar manoma da ta haɗa mutanen Turawa da na Rogo Sabon Gari. Mutum ne mai sanyin hali, wanda ko ƙafarsa ka taka shi zai fara ba ka haƙuri. Gwaggonsa Laure ce ta riƙe shi tun yana shekara huɗu, kuma ita ma tana cikin ƙungiyar da 'yar gonar da mijinta ya mutu ya bar mata.

Tarakta ɗaya tak ƙungiyar take da ita, mambobi kuwa sun haura ɗari uku. Duk shekara damina na kawo kai sai rigima ta tashi a kan gonar wa za a fara yi wa haro. Da abin ya ishe su, sai aka yanke shawarar a yi manhaja da za ta riƙe layi, ta kuma tura wa kowa saƙon tes da ranar da tarakta za ta shiga gonarsa.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Awaisu, ya ce ai ba sai an je nesa ba. Ɗan ƙanwarsa, Badaruddeen, wannan aikin yake yi a birni. Aka kirawo shi.

Ya iso da baƙin tabarau da turare mai hawa kai. Tun ranar farko ya sanar cewa Injiniya za a riƙa kiran sa. In dattijo ya miƙa masa hannu, da ƙyar yake ba da kan yatsu, an juya baya kuma ya zaro wata 'yar kwalba ya fesa wa tafinsa. Jama'a sun gani, suka kawar da kai saboda darajar kawunsa.

Aka raba aiki. Injiniya zai rubuta manhajar a kwamfutarsa. Falalu kuma zai shirya saba, wato babbar kwamfutar da ake kamawa haya a intanet, wadda manhaja ke zama a kanta don kowa ya iya samun ta daga wayarsa. Mako biyu Falalu ya yi yana fama da sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Ya girka abubuwan da manhajar ke buƙata, ya buɗe rumbun da bayanan mambobi za su zauna, ya haɗa ta da kamfanin tura saƙonni, ya gwada da lambarsa har saƙo ya shigo.

To, a wannan yankin suna kaɗai ba ya isa. A kundin ƙungiyar akwai Sulle bakwai, Iro biyar, Saude huɗu. Da laƙabi ake rarrabe su: Sulle Dogo, Sulle na Bakin Dam, Iro Mai Rake. Ba a taɓa rubuta laƙabin nan a takarda ba, don kowa ya san na kowa. Shi ya sa Falalu ya roƙi a sa gurbin laƙabi a manhajar, saƙo ya riƙa fita da suna da laƙabi tare, kada wani Sulle ya tare tarakta a ranar wani.

"Ka ba ni yini ɗaya in cike maka su," in ji Falalu. "Duk suna kaina."

"Ba ni da lokacin jiran ka," in ji Injiniya. "Zan cusa ko mene ne in yi gwaji."

Ranar Litinin, saura kwana uku a ƙaddamar, ya miƙo manhajar da bayanan mambobi da hotunansu. Falalu ya ɗora su a kan saba, komai ya hau lafiya. Sai ya buɗe shafin mutanen Turawa don ya tabbatar sunaye sun fito daidai.

Jama'a, ku ji abin da ya gani.

Ashe Injiniya hoton kowane mamba ya riƙa kallo yana raɗa masa suna. Malam Sulle Dogo, dattijon da ke jan salla in liman ba ya nan, ya zama Sulle Haƙoran Jaki. Saude mai ƙosai ta zama Saude Buhun Gawayi. Iro Mai Rake, wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa tun yana yaro, an rubuta masa Iro Gurgun Banza. Mutum ya zauna cikin sanyin fanka, yana cin abincin da matan garin ke aiko masa a matsayin baƙo, yana wannan ƙazamin aiki shafi bayan shafi. Tir da wannan hali.

Falalu ya ci gaba da gangarawa har ya zo kan hoton gwaggonsa, da ɗan mayafinta na zuwa biki. A gefen sunanta an rubuta: Laure Tsohuwar Mayya.

Nan ya rufe kwamfutar. Wanda bai zauna ƙauye ba ba zai gane nauyin wannan kalma ba. Tsohuwa ce, ba miji, ba ɗan da ta haifa. In kalmar nan ta fita ko da wasa, gobe ɗan wani ya yi zazzaɓi, ƙofarta za a fara kallo.

Ya sami Injiniya a ɗakin baƙi na gidan Alhaji, yana kwance yana latsa waya.

"Injiniya, na ga abin da ka sa a gurbin laƙabi."

Badaruddeen ya tuntsire da dariya. "Ka ga na mai haƙoran nan? Wallahi sai da na yi hawaye."

"Iyayenmu ne. Kuma lambobinsu na gaskiya ne a ciki. Ranar Alhamis saƙo zai tafi wayar kowa. Ka bari in goge yanzu in sa na ainihi."

"Gwaji ne, malam. Haka muke yi a wurin aiki. Zan share kafin ranar." Ya tashi zaune, ya yi masa kallon sama da ƙasa. "Ma wa ya ce ka buɗe mini aiki? Diflomar taka ce ta kai ka?"

Kafin Falalu ya isa gida, Injiniya ya canza kalmar sirrin shiga sabar. Wanda ya shirya ta da hannunsa ya zama ba shi da ikon leƙawa.

Washegari Falalu ya nufi wurin Alhaji Awaisu da niyyar faɗa masa komai. Ya tarar da shi a zaure da baƙi huɗu. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gona, aka yi maganar hadarin da ya haɗu jiya bai zubar ba. Da aka zo kan abin da ya kawo shi, sai ya dubi baƙin nan. Ta yaya zai dubi babban mutum a gaban baƙinsa ya ce ɗan ƙanwarka ya zagi gari?

"Ranka ya daɗe, dama akwai ɗan gyara ne da ya rage a manhajar."

"Injiniya ya ce komai ya kammala. Ko akwai wata matsala?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ƙaramin abu ne."

Ya sa takalminsa ya fita. Ya ce wa kansa kara ya yi wa Alhaji, kuma ai yaron ya yi alkawarin sharewa. Ni kam ban kira wannan kara ba. Tsoro ne aka yafa masa mayafin ladabi, kuma shi ma Falalu ya san haka, don abinci bai ƙara yi masa daɗi ba.

Ranar Alhamis da hantsi aka cika filin wata makarantar firamare. An kafa rumfa, maza a gaba, mata a gefe a kan tabarmi, ga lasifika. Falalu ya matsa kusa da Injiniya ya yi ƙasa da murya.

"Ka share?"

Badaruddeen ya juyo masa da fuskar kwamfutarsa. Gurbin laƙabi fes, babu komai. "Ka gani? Sai shegen tsoro."

"Wannan na cikin kwamfutarka ne. Na kan saba fa? Rumbunsu ba ɗaya ba ne."

"Kai za ka koya mini aikina? Matsa, ana kira na."

Mai gabatarwa ya gama zuba kirari, Injiniya ya ɗaga yatsa sama don masu ɗaukar hoto, ya danna. Saƙonni suka fara fita bi da bi, bisa jerin haruffan sunaye. Wayar Alhaji Awaisu na cikin na farko da suka yi ƙara. Aka yi tafi. Don a girmama shi, aka ce a karanta nasa a lasifika kowa ya ji. Alhaji ya miƙa wayar yana murmushi, mai gabatarwa ya gyara murya ya karanta da ƙarfi, bakinsa ya riga hankalinsa:

"Assalamu alaikum, Awaisu Tumbin Banza, tarakta za ta shiga gonarka ranar..."

Ashe ko kawun da ya kawo shi bai ƙyale ba.

Sai wayoyi suka shiga ƙara ta ko'ina. Wanda ya iya boko ya karanta ya ɗago kai, wanda bai iya ba ya miƙa wa na kusa da shi. Wani dattijo ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Iro Mai Rake ya karanta nasa, ya dogara sandarsa ya bar filin.

"Tsayar da shi!" Alhaji ya daka tsawa.

Injiniya ya rufe kwamfutarsa, ya zare wayar caji, yana zufa. Saƙonni ba su fasa fita ba, don ba daga kwamfutarsa suke tashi ba. Mutumin da ya iya raɗa wa mutum ɗari uku suna bai san yadda ake tsayar da abin da ya kunna ba.

Falalu ya fizge kwamfutar. "Sa kalmar sirri."

Sau biyu Badaruddeen yana kuskurewa. A na uku ta buɗe. Falalu ya shiga sabar ya kashe sashen da ke tura saƙo. Ya duba inda aka tsaya. An wuce harafin L, an shiga M.

Alhaji Awaisu bai zagi ɗan ƙanwarsa ba. Cewa kawai ya yi a ɗauko masa jakarsa daga ɗakin baƙi, a ajiye a bakin titi. Badaruddeen ya ratsa taron kansa a ƙasa, mutane suna janye rigunansu kada ta goge shi.

Falalu na nan zaune gaban kwamfutar sai ya ga inuwa a kansa. Gwaggo Laure ce, da 'yar ƙaramar wayarta a hannu.

"Falalu, karanta mini. Na ba Saude, ta duba ta maido mini, wai yau idonta ba ya gani sosai. Kuma na ga ta ja tabarmarta nesa da ni."

Ya karɓa. "An ce tarakta za ta zo gonarki ranar Asabar ta sama, Gwaggo."

"Rubutun ya fi haka tsawo. Ban iya boko ba, amma ina da ido."

Ya faɗa mata.

Ta karɓi wayarta, ta ƙulle a bakin zane. Sannan ta tambaye shi, a hankali:

"Yau ka gani, ko ka sani tun da?"

"Tun Litinin, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai. "Shi wancan bai san ni ba, hoto ya gani. Kai kuwa kwana uku kana durƙusawa a ƙofar ɗakina kana ce mini ina kwana, da wannan a cikinka."

Ta juya ta tafi. Ba ta koma rumfar mata ba, hanyar gida ta kama ita kaɗai.

Darasi: Wulaƙancin da ka yi wa mutane a ɓoye yana nan inda ka ajiye shi, kuma wata rana da hannunka za ka aika musu. Sannan in ka ga za a ci mutuncin wani, ka buɗe baki ka faɗa tun da sauran lokaci, ko a gaban wa ne, don shirun da ka kira kara wani ne zai ɗauki nauyinsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda aka damƙa wa sunaye da hotunan jama'a amana.