Giginyar Ilu Masaƙi

An ce wai a wani gari an yi wani masaƙi mai suna Ilu, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana haya a gidan Alhaji Nomau. Yana da ɗan kangonsa a bayan gari, gini ya tashi amma babu rufi. Ana farkon damina sai ya ji Alhaji ya sayar da gidan ga Jatau mahauci, wanda ke son ya tare ya ɗauko tsohuwarsa daga ƙauye.

Hankalin Ilu ya tashi, don bai san inda zai kai iyali cikin ruwa ba. Ya samo ƙwallayen giginya bakwai ya binne a bayan ɗaki, kusa da kuɓewarsa. Sa'an nan ya roƙi Jatau arziki a gaban shaidu, a bar shi ya ci abin da ya shuka.

Jatau ya ce, "Baba, zauna har ka ci."

Kuɓewa ta ƙare, Jatau ya zo karɓar makulli. Ilu ya ce, "Saura giginyata."

"Giginya? Baba, ai sai jikokina sun yi furfura!"

Suka ɗunguma gaban Alƙali Mu'azu. Ilu shi kansa ya san ya yi wayo.

Alƙali ya saurari kowa, ya ce, "Jatau, alkawari ka ɗauka, ba kuwa za a warware shi a zaurena ba. Malam Ilu, da ka ce a bar ka ka ci, 'ya'yan giginya ka ambata?"

"Allah ya gafarta Malam, ci kawai na ce."

"Madalla. To, a garin nan wa ke binne ƙwallo yana jiran 'ya'ya? Ko yaro ya san muruci ake haƙa. Idan kaka ta yi, ka tone shida ka dafa ka ci, ka ci abin da ka shuka ke nan. Ta bakwai ka bar wa mai gida. A lokacin nan ruwa ya ɗauke, kara da ciyawa sun samu, sai ka rufe kangonka."

Ilu ya yi dariya har da hawaye, don dama abin da yake tsoro ruwa ne. Jatau ma ya samu ranar da zai faɗa wa tsohuwarsa.

Da kaka ta yi, Jatau da kansa ya hau ya taya Ilu ɗaurin jinka. Ran tashi Ilu ya miƙa masa makulli da kwanon muruci, ya ce, "Ka kula da ƙanwarsu, idan ta girma jikokinka su aiko wa nawa."

Tsohuwar Jatau kuwa ta fi kowa cin murucin.

Hukunci nagari shi ne wanda ya duba abin da mutum ke tsoro a bayan abin da yake faɗa.