Muryar Sarkin Ruwa a Ƙunshi Uku

Ku matso ku ji wadda ta raba kan dattawan bakin kogi.

Sarkin Ruwa Gwadabe shi kaɗai ya san maganin wanda ruwa ya kira. Da tsufa ya kama shi, babban ɗansa Tanimu mai shagon kwamfuta ya yi kwana arba'in yana ɗaukar muryarsa. Maganar ta yi yawa, filas ɗinsu na adana murya a kwamfuta kuwa ƙanana ne, sai ya sa wata manhaja ta kyauta ya matse ta wuri guda, ya raba ƙunshin uku, kowane kashi a filas ɗaya. Tsohon ya ce a kulle, ya raɗa wa 'yarsa Ladidi kalmar buɗewa, ya rantsar da ita kada ta ƙara furtawa. Da ya rasu, 'ya'yansa uku suka raba filas ɗin kamar gado, kowa na ganin ya sami kason maganar uba. Tanimu ya yi ta faɗa musu cewa ɗaya ba ya buɗuwa sai da biyun, amma wa ke sauraron mai kwamfuta ranar rabon gado?

Bayan shekara biyu Ladidi ta haifi Hansatu. Yarinyar na da shekara shida ta fara miƙewa da tsakar rana, ido buɗe, ta nufi kogi tana cewa, “Na'am, ga ni nan.” Sau biyu ana tsamo ta ruwa ya kai mata wuya. Tsoro ya kama Ladidi. Ta ɗaure 'yar da zani a ƙugunta, ta tara 'yan'uwanta don a haɗa filas ɗin a ji maganin.

Autansu Jatau ya sunkuyar da kai. Nasa filas ɗin ya ɗinke a fata kamar laya, ya rataya a kwalekwalen uban, kwalekwalen kuwa ya nutse a gurbin da tsohon ya hana kowa shiga. Jatau ya je gurbin, ya tuɓe riga ya faɗa. Ya daɗe har aka fara salati, sannan ya ɓullo da layar a baki, a bushe ƙayau. Daga ranar kunnensa ɗaya bai ƙara ji ba.

Tanimu ya jera kashin uku. Na Jatau ya ƙi karantuwa. Ya wuni yana fama, ya kwafe shi kaɗan-kaɗan, har manhajar ta haɗe su ta nemi kalma.

Ladidi ba ta iya rubutu ba, dole ta faɗa da baki. Kalmar kuwa sunan abin da ke gurbin ne. Ta dubi 'yarta, ta faɗa. Ruwan randar da ke shagon ya motsa. Har yau in ta wuce bakin kogi tana jin ana amsawa.

Ƙunshin ya buɗe. Murya arba'in Tanimu ya ɗauka, sai ga arba'in da ɗaya. Ya danna ta ƙarshen.

“Ladidi,” in ji muryar tsohon, “kwance Hansatu, zanin yana mata ciwo.”

Ya faɗi saiwar da za a tono da yadda za a yi turaren. Aka yi, yarinya ta warke sarai. Kafin muryar ta yanke ya ce, “Mashina na sukar kifi yana cikin rufin zaure. Wanda ya ceto ta shi ne Sarkin Ruwa.”

Mashin yana nan har yanzu, babu wanda ya taɓa. To, ku faɗa mini, tsakanin Tanimu da Jatau da Ladidi, wa ya kamata ya sauko da shi?