Tabar da Ta Kwana a Gidan Waziri

A zamanin da, tun ana auna arzikin mutum da jakuna da rumbuna, an yi wani sarki ana ce masa Bagudu. Sarki ne mai kyauta, mai son jama'a, aibunsa ɗaya ne tak, ya tsani abin da ya kwana. Dalili kuwa, tun yana ɗan sarki ya taɓa shan furar da ta kwana a ƙwarya, cikinsa ya murɗa har aka fid da rai da shi. Da Allah ya tashe shi ya kuma ba shi sarauta, ranar naɗinsa ya sa aka yi shela cewa duk abin ci ko na sha da hannu ya haɗa, in ya kwana, ba a shigo da shi gabansa. Wanda ya shigo da shi, in basarake ne a tuɓe masa rawani, in talaka ne ya bar gari. Aka ɗora Sallama, bawan sarki mai tsaron ƙofar zaure, a kan wannan aiki. Duk wanda ya zo da wani abu a hannu, tambaya ɗaya yake yi masa: "Ya kwana?"

Wata shekara wani madugu ya taso daga ƙasashen goro, ya sauka da ayarinsa a zangon bayan gari. Sarki ya hau ya je kallon ayari, madugu ya miƙa masa wani ɗan akwati. Taba ce a ciki, amma ba irin ta garin ba da ake dakawa a cusa a lofe. Ganye ne aka naɗe cikin ganye, kaurin babban yatsa, tsawon taƙi. Madugu ya kunna masa ɗaya da garwashi, Sarki ya ja, ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Hayaƙin da sanyi, ba ya kartar maƙogwaro, ƙanshinsa kuwa sai ka ce ƙasa ta sha ruwan fari. Sarki da kansa ya rungumo akwatin har gida, wa kuma zai tare sarki a ƙofarsa ya yi masa tambaya? Malaman gari suka rabu biyu a kan tabar, wasu suka ce makaruhi ce, wasu suka ce a dakata sai sun ɗanɗana.

Ayari ya wuce, akwati ya ƙare, fada ta ɗau zafi. Sarki ya ce lallai a yi masa irinta a ƙasarsa. Sarkin Noma ya zaɓo ganyen da ya fi kyau a fadama, aka warware guntun da Sarki ya rage aka ga yadda ake naɗin, aka naɗa da safe, aka rugo da shi fada tun da danshinsa. Sallama ya ce, "Ya kwana?" Sarkin Noma ya bugi ƙirji ya ce, "Ko azahar bai gani ba!" Sarki ya ja sau ɗaya, tari ya sarƙe shi, hawaye suka zubo, zarni ya cika zaure, wutar ma ta mutu a bakin naɗin. Nan take rawanin Sarkin Noma ya sauka. Sarkin Kasuwa ya ce shi ya san magani, ya sa aka shafa zuma aka barbaɗa kanumfari. Nasa rawanin ko la'asar bai kai ba.

Sai Sarki ya juya ya dubi Waziri Tanimu. Waziri dattijo ne mai sanyin magana, rawanin da ke kansa kakansa ya ɗaura, ubansa ya ɗaura, kuma ba abin da yake tsoro a duniya kamar a ce a kansa aka warware shi.

Sarki ya ce, "Waziri, kai ne kan shawara. Ranar da za a gasa mana tumun farko a fadar nan, ina son tabar madugu a hannuna. In babu, ka san inda 'yan'uwanka suka ajiye rawunansu."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na ji na karɓa. Alfarma ɗaya nake roƙo, a ba ni akwatin da tabar ta zo a ciki."

Sallama ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ai ba komai a ciki, Waziri."

Waziri ya ce, "Haka nake son sa."

Ya isa gida, ya zauna a tsakar gida yana jujjuya akwati. Matarsa Tasalla, wadda bakinta bai taɓa jin tsoron sarauta ba, ta ajiye masa ruwa ta ce, "Maigida, in kallo ne ke cika akwati, da yanzu ya yi ambaliya."

Waziri ya kusanto da akwatin. Ya ƙwanƙwasa itacen, ya ga maɗaci ne. Ya cusa hanci ciki, ya ji ƙanshin taba, can ƙarƙashinsa kuma wani ƙanshi da ya sani sarai, na huhun goro da ake yayyafa wa ruwa a hanya. Sai ya miƙe zumbur har ya ture ƙwaryar ruwa.

"Tasalla! Daga ƙasar goro zuwa nan, yaya tafiyar take?"

Ta ce, "Ni na taɓa fatauci? Na dai ji ana cewa jakar da ta taso da ƙaramin ciki, a hanya take haihuwa."

Waziri ya tafa hannu, ya ce, "Shi ke nan! Ba ganye ne ya bambanta mu da madugu ba, hanya ce! Tasa ta yi watanni a rufe cikin itace, a tsakanin kayan goro, ba rana ba iska, ga sanyi ga ɗan danshi. Mu kuwa muna naɗawa muna rugawa da ita, jaririya ɗanya, muna cewa ta yi magana irin ta manya!"

Farin ciki ya hana shi zama. A ranar ya aika aka sayo ganye, ya tara masu naɗi a zaurensa, suka cika masa akwati. Sai dai gane cewa taba tana son hutu daban, sanin inda za a kwantar da ita daban. Ya kai akwatin soron bene don kada yara su taɓa, alhali kuwa bazara ce, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Da ya koma dubawa, ya ɗauki naɗi ɗaya ya matsa, sai ya ji ƙaras, ya marmashe a hannunsa. Ya kunna wani, ya ci wuta bal-bal kamar ciyawa, saura kaɗan ya ƙone masa gemu.

Ya ce, "To, ruwa take so." Aka sake naɗi, ya tura akwatin gindin randa, kan jiƙaƙƙen yashi. A lokacin ruwa ya sauka, manoma sun yi shuka. Bayan 'yan makonni ya buɗe, ya tarar hunhuna ta rufe tabar fari fat. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya ji tsoro na gaske, domin gero ya kai gwiwa a gonaki, shi kuwa ba shi da ko naɗi ɗaya.

Tasalla ta ce, "Ka ƙona ɗaya, ka nutsar da ɗaya. Kai da kanka ka ce da goro ta zo, me ya hana ka kwantar da ita inda goronka yake kwana?"

Ya ce, "Wallahi kin yi gaskiya."

Aka yi naɗi na uku. Ya goge akwatin tas ya shanya a inuwa, ya jera tabar ba tare da ya danne ta ba, ya sa ɗan kasko mai jiƙaƙƙen yashi a kusurwa inda ba zai taɓa ganye ba. Ya ɗora akwatin a kan duwatsu a ɗakin goro, mai duhu da sanyi. Kowace Juma'a in ya dawo masallaci sai ya buɗe murfi ya bar zarnin ya fita, ya mai da na ƙasa sama, ya taɓa yashi, in ya bushe ya ɗiga ruwa, in an kwana biyu ana ruwan sama ya cire kaskon gaba ɗaya. Sau da yawa hannunsa ya kai ga garwashi, Tasalla ta ce, "Sauri ya haifi nawa, Maigida. Rufe." Ya rufe yana gunaguni. A fada kuwa, Sallama kullum sai ya tare shi da fara'a ya ce masa geron bana ya yi kyau.

Gero ya fid da kai, ya yi ido. Wata safiya Waziri ya buɗe akwati, bai ji zarni ba ko kaɗan. Ya matsa naɗi, ya lotsa kaɗan ya dawo. Ya kunna, wuta ta kama bakin daidai, ta zagaye shi kamar zobe. Ya ja. Jama'a, dattijon nan da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai ga shi ya fito tsakar gida yana juyi, babbar riga tana tashi, yana cewa, "Ita ce! Tasalla, ita ce! Har ta fi ta madugu!"

Tasalla ta bar shi ya gama rawarsa, sannan ta gyara murya irin ta Sallama, ta ce, "Ya kwana?"

Waziri ya tsaya cak. Murnar gano asiri ta mantar da shi dokar da ya fi kowa sani. In ya kai tabar, doka ta cire masa rawani. In bai kai ba, umarni ya cire. Ƙarya kuwa ba ya yi wa sarkinsa, ko da zai rasa kan gaba ɗaya. Gaba kura, baya sayaki. Ya tsaya yana kallon hayaƙin da iska ke ɗauka tana tsallaka katanga da shi, har maƙwabcinsa ya ɗaga murya daga can ya ce, "Waziri, me ake turarawa a gidanka haka?" Waziri ya dubi katanga, ya dubi tabar, murmushi ya dawo masa.

Ranar gasa tumu fada ta cika, hakimai da malamai da attajirai kowa ya zauna a wurinsa, buzun Waziri kaɗai ba kowa. Sarki ya ce, "Ina Waziri?" Sallama ya ce, "Zaki, wataƙila ya ga gara ya warware rawaninsa da hannunsa." Bai rufe baki ba sai wani ƙanshi ya shigo ta tagar da iska ke bugowa. Hancin Sarki ya motsa. Ya ajiye tumun da ke hannunsa, ya ce, "Madugu ya dawo? Wa ya ɓoye mini? Maza a duba!"

Aka duba, aka tarar da Waziri zaune a gindin tagar daga waje, yana busa hayaƙi hankali kwance. Aka ce Sarki na kira. Ya taso da akwati a hammata, ya zo bakin zaure, ya durƙusa daga waje, bai tsallake dokin ƙofa ba.

Sallama ya ce, "Waziri, ya kwana?"

Waziri ya ce, "Ya kwana, ya yini, ya ga damina tun gero na gwiwa har tumu."

Fada ta ɗauki salati. Sarki ya ce, "Waziri, kwantai ka kawo mini?"

"Allah ya ba ka nasara, ban kawo ba. Ga ni a waje. In na shigo da ita na karya dokarka, in na koma da ita na saɓa umarninka. Duka biyun naka ne, ni bawa ba ni da ikon zaɓa. Sarki ya zaɓa mini wanda zai tuɓe ni." Ya faɗi haka, ya kuma jan tabar, ya saki hayaƙin ya shiga zaure a hankali.

Sarki ya haɗiye yawu, ya ce, "Ta madugu na ce ka kawo, ba kwantai ba."

"Ranka ya daɗe, ta madugu a bayan jaki ta kwana tun daga ƙasar goro. Kwanan ne daɗinta. Sarkin Noma da Sarkin Kasuwa ba su yi ha'inci ba, biyayya suka yi, suka kawo ta ɗanya. Fura in ta kwana ta lalace, wannan kuwa sai ta kwana take zama taba."

Sai aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Sarki Bagudu ya sauko daga karaga, ko takalmi bai tsaya sawa ba, dogarai suna "Hattara, Zaki!" ya taka har bakin ƙofa, ya miƙa hannu waje. Waziri ya zaɓi naɗi ya kunna ya ba shi. Sarki ya ja, ya lumshe ido. Kowa ya zuba ido yana jiran tari, tari bai zo ba.

Da ya buɗe ido ya ce, "Ku shaida. Dokata tana nan a kan tuwo da fura da miya. Taba kuwa na cire ta. A kira Sarkin Noma da Sarkin Kasuwa, a mayar musu da rawunansu yau, a ƙara musu da riguna, domin laifin dokata ne ba nasu ba." Fada ta kaure da kirari da guɗa daga cikin gida.

Sannan ya dubi Waziri, fuskarsa ba dariya, ya ce, "Kai kuma, ka sa sarki ya taka ƙasa ba takalmi a gaban jama'arsa. Matso."

Waziri ya matso da gwiwa. Ya ga hannun Sarki ya nufo kansa, ya runtse ido, ya tuna kakansa da ubansa. Ya ji yatsu sun kama bakin rawanin. Sai ya ji an ja bakin an soke, an danna da kyau.

Sarki ya ce, "Ya kwance ne garin rawar jiki. Ɗaure shi tamau, Waziri, ka shigo da akwatinka."

Yadda magabata suka ba mu labarin ke nan, mu ma mun sauke muku shi.