Ramin da Ke Kan Fistin

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba. Bakanike ne, ana ce masa Malam Tanimu. Ku saurara, na baya ku bar hirar nan haka.

Garejinsa rumfar kwano ce a filin wani attajiri, Alhaji Mudi, wanda ya ba shi wurin ya zauna shekara da shekaru. Alhajin yana da wata tsohuwar mota da yake ji da ita. Injinta silinda huɗu ne kacal, amma da turbo, wato 'yar fankar nan da hayaƙin salansa ke juyawa, tana cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Inji ne mai jimiri, ƙarfensa da kauri, ba ya shan mai sosai. Sai dai yana da halin tsofaffi: ba ya son zafi, ba ya son gurɓataccen baƙin mai, ba ya son a matsa masa.

Wata rana Alhaji ya ce motar ta yi sanyi a hawa, ƙananan motoci suna wuce shi, a ƙara mata ƙarfi. A jikin turbo akwai ɗan ƙarfe mai noti da ke ƙayyade yawan iskar. Malam Tanimu ya juya notin sau biyu, ya gwada, mota ta miƙe. Daɗi ya ɗebe shi, ya ƙara juyi ɗaya, bai kuwa ƙara wa injin fetur daidai da iskar ba. Ba wanda ya gani.

Mako uku a tsakani, da hantsi, sai ga motar an jawo ta da igiya. Ta mutu a tsakiyar hawa, Alhaji na ciki da manyan baƙi, za su ɗaurin aure. Ya sauko yana huci. Bayansa direbansa ne, Baba Inuwa, dattijon da ya shekara goma sha tara yana tuƙa shi, ga iyali cike da gida.

To, Baba Inuwa yana da ɗabi'ar nan ta tsofaffin direbobi: kafin ya kashe mota sai ya taka totur da ƙarfi, wai don batir ya cika. Wannan kuwa yana kashe turbo, domin fankar tana kan gudu baƙin mai zai yanke mata. Malam Tanimu ya sha yi masa magana a kai, a gaban mutane, a gaban Alhajin ma.

"Ka ga abin da kake faɗa ko, Tanimu?" in ji Alhaji. "Tsohon nan ya kashe mini mota, ya kunyata ni! Buɗe ka gani, Tanimu. In aikinsa ne, yau ya gama aiki a gidana." Ya fizge makulli daga hannun dattijon ya sa a aljihu.

Baba Inuwa ya tsugunna a gindin rumfa, ya cire hula ya riƙe. Bai musa ba. Shi kansa ya yarda laifinsa ne.

Malam Tanimu ya ɗauki sifana. Ya fara da turbo, ya sa yatsa ya girgiza fankar. Lafiyarta ƙalau, ko motsi babu. Ashe matsalar ba daga nan take ba. Ya kwance filogi, ya ga bakin na uku ya yi fari fat kamar toka. Ya san alamar ƙarancin fetur ce. Ya ci gaba da kwancewa, Alhaji na zaune a benci ya ƙi tafiya, jama'a sun taru. Wajen azahar ya ɗaga kan inji. Ga fistin na uku, ƙarfen nan da ke hawa da sauka cikin silinda, da rami a tsakiya, ya narke.

Jama'a, ku fahimce ni. Taka totur ba ya huda fistin. Iska mai yawa da fetur kaɗan su ke ƙona shi haka. Juyin nan na uku ne. Kuma duk taron nan, mutum ɗaya ne ya iya karanta abin da ke rubuce a kan ƙarfen nan, shi ne mai laifin.

Maƙwabcinsa Ilu mai walda ya leƙo, ya ga yadda fuskarsa ta sauya. Ya matso kunnensa ya ce, "Malam, ko me ka gani, ka haɗiye. Filin nan nasa ne. Tsoho ya riga ya ɗauki laifi, kai dai ka gyaɗa kai."

Ku lura, ba ƙarya aka ce ya yi ba. Gyaɗa kai kawai! Shiru kawai! Tsoro ya kama Malam Tanimu, tsoro na gaske, don bai san inda zai kai kayan aikinsa ba in aka tashe shi. Ya dubi fistin, ya dubi dattijon da ke tsugune, ya sake duban fistin.

"Kai nake jira," in ji Alhaji. "Shi ne ko ba shi ba ne?"

Malam Tanimu ya ajiye sifana. Ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba Baba ba ne."

"To wane ne?"

"Ni ne. Ranar da ka ce a ƙara ƙarfi, na wuce iyaka, ban daidaita fetur ba. Hannuna ne ya ƙona injin nan. Ka ba ni dama in gyara."

Alhaji ya miƙe a hankali, ya ce, "Kai? Kai da na ba amana? Ba za ka ƙara taɓa motata ba. Kafin Juma'a ka kwashe ƙarafanka daga filina." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya, ya laluba aljihu, ya jefa wa Baba Inuwa makulli. Dattijon ya ɗauka, hawaye na bin gemunsa.

Na ga idanunku, kuna jira in ce Alhaji ya dawo ya gina masa sabon gareji. Bai dawo ba. Ranar Alhamis Malam Tanimu ya loda kayansa a kura ya koma gindin wata bishiya a bakin gari. Ya sha rana, ya sha ruwan sama, wasu masu kawo masa aiki suka gudu. Amma bai taɓa cewa da ya sani ba, kuma Baba Inuwa ya ci gaba da ciyar da iyalinsa.

Ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Gaskiyar da Allah zai tambaye ka ba ita ce wadda aka kama ka dole ka faɗa ba, ita ce wadda kai kaɗai ka sani. Kai magini, ka san bangon da ka rage wa siminti. Kai tela, ka san wanda ya ɓata yadin. Ke ma'aikaciyar asibiti, kin san allurar da kika manta. In wani ya tsugunna yana ɗaukar laifinku, shirunku ƙarya ce, zalunci ne, kuma a gobe kiyama zai riƙe ku.

Kowa ya duba zuciyarsa yanzu. In akwai wanda ke shan wahala a kan abin da hannunka ya yi, kada ka kwana yau ba ka je ka ce "ni ne" ba. Allah Ya ba mu ikon faɗa.