Raguna Uku a Ƙofar Gidan Tukur

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, yau sai kun yi gardama har maƙogwaro ya bushe.

Tukur kafinta ne, mai rufin kwano. Yana da aminai uku tun na ƙuruciya: Haladu, Zubairu da Lawandi. Kowannensu yana ƙaunarsa, amma ba mai son ya ga an fifita wani a kansa. In Tukur ya ci tuwo a gidan ɗaya, sauran biyun sai sun yi kwana biyu suna kumbure-kumbure. Manya da gemunsu fa!

Ran nan da hantsi Tukur yana kan rufi, ƙafa ta zame, ya faɗo ta ka. Jama'a suka taru, wannan yana yayyafa masa ruwa, wancan yana cewa a kai shi gida a kira mai ɗori. Haladu ya daka musu tsawa. Ya ɓalle ƙyauren ƙofa ya kwantar da shi a kai don kada wuyan ya motsa, ya sa shi a a-kori-kurarsa, bai tsaya ba sai babban asibiti. Likita ta ce da an ƙara jinkiri, da sai dai wani labarin.

Ta ce ƙwaƙwalwa ta bugu, kuma a makon farko irin wannan rauni yakan tayar da farfaɗiya, wadda in ta zo takan ƙara ɓata abin da ya riga ya ji ciwo. Ta rubuta maganin hana ta, safe da yamma, har kwana bakwai. Aka duba, ya ƙare a asibitin. Zubairu ya hau babur ana tsuga ruwan sama, ya zaga gari uku, ya dawo da shi kafin la'asar, jiƙe sharkaf, gwiwa a kuje.

Da Tukur ya samu sauƙi aka sallame shi, saura kwana uku na magani. To, goggonsa ta ji sunan cutar.

"Farfaɗiya? A zuri'armu? Yaron da bai taɓa faɗuwa ba? A ji wannan a gari, wa zai nemi auren 'ya'yanmu?"

Ta tura ƙwayoyin ƙasan tukunyar daddawa. Lawandi ya zo dubiya da yamma, ya tambayi magani, ya gane goggo ce ta ɓoye shi. Ya ce, "Goggo, ki zage ni yadda kike so, amma ba zan tashi daga nan ba." Ta kuwa zage shi tas, har ta haɗa da kakansa. Bai motsa ba sai da ta fito da su. Daga ranar da hannunsa ya riƙa ba Tukur, har kwanakin suka cika. Tukur bai faɗi ko sau ɗaya ba.

Bayan wata biyu matar Tukur ta haifi namiji, na fari bayan shekara tara ana jira. Murna ta kwashe shi, ya ce a gaban jama'a, "Wanda ya ceci raina, shi ne takwaran yaron nan." Kai, da ma bai faɗa ba!

Haladu ya ce in ba don shi ba, gawa za a ba magani? Zubairu ya ce an kai mutum asibitin da ba magani, sai me? Su biyun suka juyo kan Lawandi: "Kai daga me ka cece shi? Ai bai faɗi ba!" Lawandi ya ce, "To, don me bai faɗi ba?" Wallahi har sun daina gaisawa a masallaci, abin ya ba ni haushi.

Ranar suna kowannensu ya jawo rago ya ɗaure a ƙofar gidan, yana hararar na ɗan'uwansa. Liman ya zauna, an raba goro. Tukur ya sunkuya zai raɗa masa sunan, ya san duk wanda ya ambata ya rasa aminai biyu.

To, ku da kuka iya baki, sunan wa zai raɗa wa liman?